Takardar 'Yan Fari

Takarda goma sha tara Dakta Rakiya Shehu ta buga a mujallun likitoci cikin shekaru ashirin da ta yi tana duba yara a Kaduna, amma ɗaya ce tak ta yi mata suna. Sauran goma sha takwas ɗin, in aka cire ita kanta da matar da ke buga mata tafireta, da wuya a sami wanda ya karanta su har ƙarshe. Ba ta damu ba. Likitoci nawa ne suka yi ritaya ba su sami ko ɗayar ba?

Takardar ta fito a 1988, shafi shida. Abin da ke cikinta ba shi da wuyar faɗa. Ko'ina a duniya likitoci sun san ɗan fari ya fi ƙannensa shan wuya. Yakan zo da ƙarancin nauyi, kuma ya fi saurin mutuwa a watan farko, don jikin uwar bai saba ba, ita ma ba ta gama sanin kan reno ba. Rakiya ta tura nas biyu gida gida a Tudun Wada da Unguwar Mu'azu, suka tambayi mata ɗari shida tarihin haihuwarsu, suka kwafi nauyin yara daga katin awo. Da ta haɗa alƙaluman sai ta ga abin mamaki. A waɗannan unguwanni 'yan fari ba su fi kowa mutuwa ba, nauyinsu ma daidai da na ƙannensu. Ta kawo dalili mai daɗin ji, ta ce albarkar goyon ciki ce, wato yadda mai cikin fari ke komawa gidan iyayenta ta haihu a hannun uwa da kaka, a yi ta tattalinta har ta yi arba'in.

Masu bincike suna son abin da ya saɓa wa ƙa'ida, balle in ya zo da al'ada a goye. Duk wanda zai rubuta wani abu kan 'yan fari, a Indiya yake ko a Burazil, sai ya tsaya ya ce amma fa ban da Kaduna, ya sa sunanta da shekara. A wajen mutanen nan wannan shi ne arziki. Ba sa tambayar yara nawa ka ceto. Sau nawa aka kafa hujja da kai, shi suke ƙirgawa.

A daminar 1999, wata biyu bayan soja sun koma bariki, wata ƙawarta da ke aiki a Ingila ta shiga ɗakin karatu ta ƙirgo mata. Sau ɗari biyu da goma sha biyu aka ambaci takardar. Ta turo jerin ta faks zuwa wani shago a Barnawa, shafi bakwai masu naɗewa da kansu. Rakiya ta sa kwafi a fayil ɗin neman farfesa da ta miƙa wa jami'a, wanda aka ce za a ji sakamakonsa a Janairu. Na asalin kuwa ta bar shi a jakarta. Ba za a kira ta mai girman kai ba, ita da ke durƙusawa ta share wa ɗan wani majina da hankicinta. Amma in cunkoso ya riƙe ta a Kakuri lokacin da masaƙu suka tashi, takan zaro jerin ta karanta sunayen ƙasashe, har na bayanta ya gaji ya danna mata ham.

Da dawowar farar hula, ƙungiyoyin agaji da suka tattara nasu ya-nasu a zamanin soja suka fara dawowa. Ɗaya daga cikinsu ta buɗe ofis a Barnawa, ta ɗora Mista Cyril a kai. Ɗan wani bakanike ne na Kakuri, a nan aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Wata Alhamis ya zo asibiti ya same ta, ya ajiye mata kundi a kan tebur.

"Dakta, nas goma sha biyu za mu ɗauka, su riƙa bin masu jego gida har su yi arba'in. Shiri ne na shekara uku. Amma goma sha biyu ba za su iya kowa ba, dole mu zaɓa."

"Kun zaɓi su wa?"

"Ke kika zaɓa mana," ya ce yana murmushi. Ya buɗe shafi na tara ya nuna mata. A sauran ƙasashe ƙungiyar da masu haihuwar fari take farawa. A Kaduna kuwa, tun da bincike ya nuna 'yan fari suna hannu nagari, za a bar su a koma kan matan da suka haihu biyar zuwa sama. A ƙarshen layin ga sunanta, ga 1988.

Ta ji daɗi har cikin ranta. Wannan ya fi a ambace ka a mujallar da ba wanda ya san ta a Tudun Wada. Kundin zai tafi hedikwata ranar Juma'ar sama, in ji Cyril, kuma da zarar an sa hannu ba a sake taɓa shi. Abu ɗaya yake roƙo, ta fassara musu tsohon fom ɗinta zuwa Hausa, don sababbin nas su yi aiki da shi. Da Turanci aka tsara shi tun farko, nas ɗin ne suka riƙa fassarawa da baki.

Ta gama fassarar a rana ɗaya. Fom kuwa ba a sakinsa sai an gwada shi a kan mutum, a ji inda harshe ke tuntuɓe. Ran Asabar da la'asar ta haye gada zuwa Tudun Wada gaida mahaifiyarta kamar yadda ta saba, da fom ɗin a hannu.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana tsinke zogale a faifai. Suka gaisa, Rakiya ta ja kujera 'yar tsugunno.

"Inna, tambayoyi zan yi miki, kamar ban san ki ba."

"Dama can sanina aka yi?" in ji Inna, ba ta ɗago ba.

Shekaru, ta ce saba'in ko kusa. Garin haihuwa, nan. Aure, ɗaya. Komai na tafiya sumul, Rakiya tana yaba wa Hausarta a zuci.

"Haihuwa nawa kika yi?"

"Biyar."

"Sunayensu, daga babba."

"Bashari, Ladi, Habu, Jummai, sai Auta."

Rakiya ta rubuta Bashari a layin farko, inda aka sa ɗan fari. Har ta kai kan Habu kafin biron ya tsaya. Ta fashe da dariya.

"Ni fa, Inna? A kasuwa aka tsinto ni?"

Inna ta kau da kai wajen katanga, ta watsa wa kaji karan zogale. "A dai cika takarda a bar surutu. Wa ya taɓa zama yana ƙirga wannan, sai ka ce marar kunya?"

Rakiya ta san haka, ta san shi fiye da yadda ta san sunan kowane magani. Ita ce 'yar fari. Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ba ta dawo gidan nan ba sai da ta shekara goma. Cikin shekara arba'in da bakwai ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. Da tana yarinya "waccan" ce, da ta gama karatu ta zama "likitar nan". Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Ranar da ta kwanta zazzaɓin taifot Inna ce ta kwana uku ba ta ci ba, amma ko a ranar ba ta tambayi jikinta da bakinta ba, sai ta aiki Ladi. Alkunyar ɗan fari ce, abin da ake wasa da dariya a kansa a kowane gidan biki.

Tana cikin dariyar idonta ya koma kan fom ɗin. Bashari, ɗan fari. Da hannunta ta rubuta, ita da aka tsallake tana zaune a gaban mai amsawa. Dariyar ta yanke. Mata ɗari shida aka yi wa wannan tambaya, kuma baƙi ne suka yi musu ita.

"Lafiya?" in ji Inna, ga alama da faifai take magana.

"Lafiya lau, Inna. Fom ɗin ne bai yi ba."

Washegari Lahadi ta sa maigadin asibiti ya buɗe mata sito. Tsofaffin fom ɗin suna nan cikin kwalayen madara, gara ta ɗan taɓa na ƙasa. A wancan lokaci ba ta karanta sunayen yaran ba, don kafin takardun su zo teburinta an mai da kowane yaro lamba, lambar ita ake sa wa injin lissafi. Yau ta zauna a kan kwali ta bi layin farko na kowane fom da yatsa, tana duba sunan da aka ce shi ne ɗan fari. A fom na shida ta ga Sani. A na goma sha ɗaya ma Sani. Kafin azahar ta ƙirga Sani talatin da bakwai, da Salisu huɗu. Ba Bahaushen da zai ji an ce Sani bai tambayi ina yayansa Auwalu ba, don ba a raɗa Sani sai ga ɗa namiji na biyu, Salisu kuwa na uku.

Ta daɗe a zaune, kunya ta hana ta motsi. Da Bature ne ya yi wannan kuskure da ta yi masa uzuri, ta ma ba da labarinsa a taro a yi dariya.

Nas ɗaya daga cikin biyun, Celina, ta koma garinsu a Binuwai tuntuni. Ɗayar, Sista Scholastica, ta yi ritaya ta buɗe kemis a Sabon Tasha. Ran Litinin da safe Rakiya ta same ta tana jera kwalaben maganin tari. Bayan ihun murna da tambayar yara, Rakiya ta shimfiɗa fom biyar a kan kantar shagon ta yi mata bayani.

Scholastica ta gyara tabarau ta dube su. "Hannuna ne, ba musu. Amma Dakta, abin da suka faɗa shi muka rubuta o. Ni ki tambaye ni yarana nawa, da na farko zan fara. Da sunansa ma ake kira na, Mama Somadina. Ta yaya zan san akwai wadda za ta ɓoye nata?"

"Ba laifinki na zo nema ba, Sista."

"Na sani. Amma kin tuna na taɓa gaya miki? Na ce in mun kai wannan tambaya sai matan gidan su kalli juna su yi dariya, mai amsawa ta rufe fuska da mayafi. Kika ce kunyar baƙi ce, mu dai yi sauri, kuɗin mota ya kusa ƙarewa."

Rakiya ta tuna. A bakin ɗakin yara aka yi maganar, tana sauri za ta shiga wajen wani mai ƙyanda. Ta kuma tuna abin da ya fi wannan ciwo. Ranar da alƙaluman suka fito da abin mamaki, da a ce ba su yi mata daɗi ba, da ta koma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana neman inda aka yi kuskure. Da yake sun yi mata daɗi, ba ta koma ba.

"Za ki iya gane gidajen?"

Scholastica ta kalli kemis ɗinta, ta kalli Rakiya, ta yi tsaki ta jawo ƙyauren shago. "Mu je. Ƙafata ta fi kaina tuna hanya."

Gida na farko a Unguwar Mu'azu yake, bayan wani injin markaɗe, fom mai lamba ɗari da goma sha huɗu. Sunan matar Amina. Suka same ta tana ƙulla gyaɗa a leda don talla. Ta gane Sista nan take, ta shimfiɗa musu tabarma, ta ce ɗanta Sani ai ya zama saurayi, yana koyon walda a Kakuri.

Wannan karon Rakiya ba ta ce haihuwa nawa ba. Ta jira aka sha ruwa, aka yi ƙorafin ruwan sama da ya cinye lungun, sannan ta sassauta murya, idonta a kan ledojin gyaɗa.

"Kafin Sani fa, an yi wani ko?"

Amina ta ci gaba da ƙulli. Ta ƙulla leda ɗaya, ta ƙulla ta biyu.

"An yi," ta ce. "A can gida, ƙauye."

"Yana wajen kakarsa?"

"Ya koma. Kwana biyu bayan suna."

"Allah ya sa mai ceto ne."

"Amin, Likita. Ƙanƙani ya zo, bai cika tafi biyu ba. Ya ƙi kama nono, aka yi ta ɗura masa ruwa da jiƙo. Ni ina ɗaki, ba a so in matsa kusa da shi a gaban mutane, ni ma ina jin nauyi. Da safe aka ce ya tafi." Ta share hannu a zani. "Ko kuka ban yi ba sai da na shiga wanka."

"An kai shi asibiti?"

"Daga garinmu? Mota sai ranar kasuwa."

Fom ɗin yana da gurbin suna. Rakiya ta san ba za ta ji shi daga wannan bakin ba, ko bayan shekara ashirin.

"Auwalu?" ta ce a hankali.

Amina ta gyaɗa kai. Scholastica ta juya baya tana neman wani abu a jakarta, abin da ba ta samu ba har suka fito.

Kwana uku suka yi suna zagayawa, daga safe har la'asar. Wasu sun tashi, wasu sun rasu, amma sun sami gida talatin. Inda akwai tsohuwa, ita suke tambaya, don kaka ba ta jin nauyin ƙirga jika. A gida goma sha tara an tsallake ɗan fari. Goma sha biyu suna raye, yawancinsu a hannun kakanni suka tashi, shi ya sa ba a gan su a tsakar gida ba ranar da nas suka zo. Bakwai sun mutu kafin arba'in, dukkansu a ƙauye, can inda aka je goyon ciki, nesa da sikelin awo da katin asibiti. Al'adar da ta yaba a shafi na biyar ita ce ta ɗauke su daga gaban idonta. 'Yan farinta masu nauyi da lafiya kuwa, da yawansu 'ya'ya na biyu ne.

Ran Alhamis da hantsi ta shiga ofishin Cyril. A hanya ta riga ta shirya yadda za a yi, kuma shirin ya kwantar mata da hankali. Za ta gaya masa a asirce, ya canja shafi na tara, a fara da masu haihuwar fari. Yara su amfana, takarda ta zauna inda take. Bayan Janairu sai ta sake sabon bincike a natse, ta gyara abin da harshe mai laushi, irin wanda masana ke yi in suna son janye magana ba tare da an ga sun janye ba.

Cyril ya saurare ta har ƙarshe, ya duba Sani talatin da bakwai, ya riƙe baki.

"Kai! A Kakuri na tashi, uwar abokina ba ta taɓa kiran sunansa ba, muna ta yi masa tsiya. Ko kusa ban kawo wannan ba." Ya rufe fayil ɗin. "Na yarda da ke, Dakta. Amma ba zan iya canjawa ba."

"Ban gane ba. Ni na rubuta takardar."

"Shi ya sa. A hedikwata akwai likitoci uku da za su duba kundin nan, duk sun san takardarki, ɗayansu ma yana cikin masu ambatonta. In na juya shafi na tara za su ce ina hujja. In ce mai takardar ta gaya mini a ofis? Bakinki ba zai kayar da ita ba. Tana da mutum ɗari biyu da goma sha biyu a bayanta, ke kuwa ke kaɗai ce."

Ba ta taɓa tunanin ranar da za ta tsaya gefe ɗaya, takardarta ta tsaya ɗaya gefen ba, kuma takardar ta fi ta ƙarfi.

"Me zai ishe su?"

"Wasiƙa zuwa ga editan mujallar, da sa hannunki, kina cewa sakamakon ba daidai ba ne, kin janye shi. Ba sai an buga ba. Ki kawo mini kwafi da risit ɗin rajista na gidan waya, in maƙala a bayan kundin." Ya tashi ya tura ƙofa. "Yanzu ba ofis ke magana ba, ƙaninki ne. Na san fayil ɗinki yana jami'a. Wata huɗu ne kawai. Ki bari kujerar farfesar ta zo hannu, sannan ki rubuta abin da kike so. Ba wanda ya sani sai ni da ke da Sista. Shekara uku ba har abada ba ce, zagaye na biyu sai mu gyara."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa maganar ta shige ta. Ta koma mota ta zauna ba ta tayar ba. In ta janye takardar dole ta sanar da jami'a, masu duba fayil kuma za su rage da goma sha takwas ɗin da ba mai karantawa. Shekarunta arba'in da bakwai. Waɗanda ta koya wa sa allura a jijiyar jariri sun fara zama farfesa. Kuma ba kujerar ce kaɗai ba. Tana son takardar nan. Ita ce abu ɗaya da ta yi wanda ya fita daga ɗakin yara mai warin fitsari da dettol ya zaga duniya, ya kuma faɗi alheri a kan mutanenta, a lokacin da ba a rubuta komai game da su sai yunwa da cuta.

Ta nemi wanda za ta ji haushi ta rasa. Sai kanta ya shiga lissafi, don ya saba. A unguwannin da shirin zai shafa ana haihuwar fari kamar sittin a wata. Sittin sau talatin da shida. Ba ta san nawa ne daga cikinsu za su zo ƙanana su ƙi kama nono ba. Ba wanda ya sani, tun da wadda ya kamata ta ƙirga ba ta ƙirga ba. Abin da ta sani shi ne nas za ta bi ta ƙofar gidansu da sikeli a jaka ta wuce gaba, saboda shafi na tara.

Da ta koma asibiti, ba ta iya ba wa mai tafireta aikin wasiƙar ba. Ta ce mata ta tafi cin abinci, ta zauna da kanta tana buga haruffa da yatsa biyu. Sau uku tana zare takarda tana yagawa, don kowane karo sai ta tarar ta cika ta da "mai yiwuwa" da "wataƙila". Ta huɗun jimla biyar ce. Ta faɗi abin da aka tambayi matan, da abin da al'ada ta hana su faɗa, da abin da ta gano a gida talatin. Ta ce kuskuren nata ne, ba na nas ɗin ba, ba kuma na matan ba. Ta roƙi kada a sake kafa hujja da sakamakon. Ta buga wata wasiƙar zuwa ga magatakardar jami'a. Kafin ƙarfe uku tana kan layi a gidan waya na Kakuri, tsakanin wani mai aika wa ɗansa takardun makaranta da wata mai ƙorafin an ɓatar mata da fasil. Aka buga hatimi a kan ambulan ɗin, aka miƙo mata risit.

Ran Juma'a da safe ta ajiye wa Cyril kwafin da risit ɗin. Ya karanta sau biyu. Bai ce ta kyauta ba, bai ce ta yi wauta ba, ita ma ba ta so ya ce komai. Ya jawo kundin ya buɗe shafi na tara, ya ɗauki jan biro da rula, don mutum ne mai son aiki tsaf. Ya ja layi a kan sakin layin gaba ɗaya, jimla bayan jimla. Tana tsaye tana kallo har ya iso ƙarshe, ya bi ta kan sunanta da shekarar. Abin ya yi mata zafi fiye da yadda ta zata, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba.

"To, Dakta," ya ce, biron na sama. "Hedikwata ba ta son gurbi. Nan wurin an ce a rubuta halin da 'yan fari ke ciki a Kaduna, da sunan masanin da ya faɗa. Me zan sa?"

Ta dubi layukan ja. Shekara goma sha ɗaya duk inda aka yi wannan tambaya ita ake juyowa a kalla.

"Rubuta ba a sani ba," ta ce. "Sannan ka sa gidajensu a farkon jerin waɗanda nas za su bi."